Yadda Ake Auna Kunnen Mutum Ba Tare da An Yaudari Kai Ba

Iyafis ɗin da ake sayarwa a Sabon Gari, da na'urar ƙara ji da likita ke rubuta wa dattijo, da takunkumin fuska mai igiyar maƙalawa, duk an ƙera su ne bisa awon kunnuwan wasu mutane, kuma galibi ba mutanen nan ba ne. Koriya ta Kudu na cikin ƙasashen da suka ɗauki wannan aiki da muhimmanci. Tun 1979 gwamnatinta take gudanar da awon jikin 'yan ƙasa lokaci bayan lokaci, shirin da yanzu ake kira Size Korea, kuma da yake ƙasar Samsung da LG ce, masanan jami'o'inta sun yi ta auna kunnuwan manya, da ma'aunin hannu da kuma na'urar ɗaukar siffa mai fuska uku, don a san girman abin da zai zauna a kunne bai faɗo ba, bai kuma matse ba. Abin da ke fitowa a irin waɗannan bincike, a Koriya da sauran wurare, iri ɗaya ne: kunnen namiji ya ɗan fi na mace girma, kunnen tsoho ya fi na matashi tsawo, sannan akwai bambanci tsakanin al'umma da al'umma.

Sai dai bambancin nan na 'yan milimitoci ne. Hannun da bai ƙware ba kuwa yana iya kuskuren milimita biyu zuwa uku a kunne ɗaya bai ma sani ba. Ɗalibin sashen nazarin sassan jikin ɗan Adam a Jami'ar Ahmadu Bello da ya auna kunnuwa ɗari a Samaru, ya ajiye sakamakonsa gefen jadawalin Koriya ya ce ya gano bambanci, mai yiwuwa bambancin hannunsa da na Bakoriye ya gano, ba na kunnuwa ba. Saboda haka rabin wannan aiki ba a kan kunne yake ba, a kan mai awon yake.

Kayan aiki

Babban makami shi ne kalifa, wato ma'aunin nan mai muƙamuƙi biyu da ɗaya ke zamewa a kan ɗaya. Mai tsawon milimita 150 ya wadatar. Na lantarki mai nuna lamba ya fi sauƙin karantawa, amma kada lambobi biyu da yake nunawa bayan ɗigo su ruɗe ka: kunne nama ne da guringuntsi, ba ƙarfe ba, don haka rubuta lamba ɗaya bayan ɗigo ya isa. Irin wanda ake sayar wa makanikai bakinsa na da kaifi, an yi shi ne don ƙarfe. Ko dai a nemi na roba, ko a goge tsinin da fayel har ya dakushe. Wasu sukan naɗe bakin da filasta, to idan an yi haka dole a rufe muƙamuƙin a mayar da shi sifili da filastar a jiki, in ba haka ba kaurin filastar zai shiga cikin kowane awo.

Bayan kalifa, kana buƙatar ƙaramar rular ƙarfe wadda sifilinta ya fara daga ainihin bakinta, da ma'aunin kusurwa na roba da ake gani ta cikinsa, da farar jagira don sa alama (baƙar ba ta fitowa a fatarmu), da sifirit da auduga, da kujera mai majingina, da batirin kalifa na ajiya. Ƙura da danshi su ne abokan gabar kalifar lantarki. A lokacin hunturu, ƙurar da ke kwanciya a kan sandarsa takan sa ya riƙa cijewa, da damina kuma ko gumin hannu ya taɓa sandar sai lambobi su fara tsalle. A riƙa goge shi da busasshen ƙyalle, a duba sifili kafin kowane mutum, a kuma gwada shi da rular ƙarfe kowace safiya a kan milimita 20 da 60.

Zaman wanda za a auna

Kafin komai a nemi izinin kwamitin ɗa'ar bincike, sannan izinin mutumin kansa, da Hausar da zai gane. "Baba, tsawon kunnenka kawai za mu gwada, babu allura, babu abin da zai shiga ciki" ya fi karanta masa takarda shafi biyu amfani, ko da yake takardar ma sai an sa mata hannu ko an dangwala. Mata kuwa mace ce za ta auna su, a ɗaki ko bayan labule. Wanda ya tsara bincike a cikin birnin Zariya bai tanadi mace mai awo ba, zai ƙare da jadawalin maza zalla.

A cire hula, rawani, ɗankwali, hijabi, tabarau da 'yan kunne. Nan ne ake yawan gaggawa. Hular da aka kafa har ta danne saman kunne, ko ɗankwalin da aka ɗaure tam tun safe, suna kwantar da kunne zuwa jikin kai, kuma ba ya komawa yadda yake nan take. A bar mutum ya zauna kamar minti goma kafin a taɓa shi, musamman idan za a auna nisan kunne daga kai. Ana iya cike lokacin da tambayar shekaru da sauran bayanai.

Kai kuma yana da mazauninsa. Masana sun daidaita a kan abin da ake kira shimfiɗar Farankfut, wadda aka amince da ita a Jamus a 1884: layin da ya tashi daga saman ƙofar kunne zuwa ƙasan ramin ido ya kasance a kwance daidai da ƙasa. Hanya mafi sauƙi ita ce a liƙa wata alama a bango daidai tsayin idon mutumin, a ce ya zuba mata ido, baki a rufe, haƙora ba a cije ba. Magana da dariya suna motsa gaban kunne, domin gaɓar muƙamuƙi tana nan dab da ƙofarsa. Sa ɗan yatsa a gaban kunnenka ka buɗe baki, za ka ji.

Wuraren da ake sa alama

Littafin da akasarin masu wannan aiki ke bi shi ne na Leslie Farkas a kan awon kai da fuska, wanda bugunsa na biyu ya fito a 1994. Amfanin bin sa shi ne sakamakonka zai iya zama kusa da na wani a kwatanta. Kafin alamomin, a san sassan. Naɗaɗɗen bakin kunne na waje shi ne helis. Tudun da ke cikinsa, mai rabuwa biyu daga sama, shi ne antihelis. Kwarmin da ke tsakiya, inda kan iyafis ke zama, shi ne konka. Ɗan guringuntsin da ke gaban ƙofar kunne, wanda ake dannawa idan ana son toshe ji, shi ne tiragus, mai fuskantarsa daga ƙasa kuma antitiragus, tsakaninsu akwai wani ɗan lungu. Sai fatar kunne ta ƙasa, inda ake huda, wadda babu guringuntsi a cikinta ko kaɗan.

Alamomi shida ne ginshiƙi: ƙololuwar helis daga sama, ƙarshen fatar kunne daga ƙasa, wurin da ya fi kowane komawa baya a bakin helis, wuri mafi gaba na kunne dab da inda helis ya haɗu da kai, sai mahaɗar kunne da kai ta sama da ta ƙasa. A ɗiga farar jagira a kowanne kafin a ɗauki kalifa. Wanda ya ce zai riƙa kintata wurin da ido yayin da yake riƙe da ma'auni, kowane awo da wurin da zai sa bakin kalifa.

Mahaɗar ƙasa ce mai wahala. A wurin masu sakakkiyar fatar kunne, wadda ta rataya ta bar ɗan lungu tsakaninta da kumatu, wurin a fili yake. A wurin masu mannanniya kuwa, fatar takan gangara ta shige cikin kumatu babu iyaka bayyananniya, har ƙarshen kunnen da mahaɗar su zama wuri ɗaya. A nan sai a ɗan ɗaga fatar da yatsa a ga inda ta daina motsi, a sa alama, a saki, a jira ta kwanta, sannan a auna. A kuma rubuta a takarda cewa mannanniya ce. Littattafan sakandare sukan raba mutane gida biyu a kan wannan, sakakkiya ko mannanniya, kamar abin ƙwayar gado ɗaya ce ke yanke shi. Duk wanda ya duba kunnuwa hamsin ya san akwai na tsakiya da yawa, kuma binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa da yawa ne ke da hannu a ciki. Gara a yi gida uku.

Awon kansa

Tsawon kunne shi ne daga ƙololuwar sama zuwa ƙarshen ƙasa, a kan dogon layin kunnen. A lura, kunne ba a tsaye cak yake ba, samansa ya ɗan kishingiɗa baya da kamar digiri 15 zuwa 30. Idan ka riƙe kalifa a tsaye sak, awon zai gaza na gaskiya. A babban mutum yawanci ana samun tsakanin milimita 55 da 65, dattawa sukan haura haka.

Faɗi shi ne daga gaba zuwa baya, a gicciye daidai da layin tsawo. A nan ne bincike ya fi saɓa wa bincike, domin wasu daga tiragus suke farawa, wasu daga mahaɗar sama, wasu daga wuri mafi gaba kamar yadda Farkas ya tsara. Uku ɗin nan lambobi uku daban za su ba ka a kunne ɗaya. Kafin ka kwatanta faɗin kunnen Bazazzagi da na Bakoriye, buɗe sashen hanyar aiki na takardarsu ka ga daga ina suka fara. Idan ba daga inda ka fara ba ne, babu kwatanci, komai kyan jadawalin.

Ka'idar hannu ɗaya ce: bakin kalifa ya taɓa fata, kada ya danna. Idan ka ga fatar ta lotsa ko bakin helis ya motsa, ka wuce gona da iri, ka buɗe ka sake. Fatar ƙasa ta fi kowane sashe yaudara saboda taushinta; ɗan matsi kaɗan zai cinye milimita ɗaya ko biyu. Yana taimakawa a jingina ɗan ƙaramin yatsan hannun da ke riƙe da kalifa a kan kumatu ko ƙashin bayan kunne, kamar yadda mai lalle ke jingina hannu don kada zane ya karkace. A karanta lambar kalifa tana jikin kunne, kada a zare sannan a duba, domin wajen zarewa muƙamuƙin yakan zame.

Tsawon fatar kunne ana ɗaukarsa daga gindin lungun da ke tsakanin tiragus da antitiragus zuwa ƙarshen ƙasa, faɗinta kuma a inda ta fi faɗi. Ga mai sha'awar abin da ake sawa a kunne, konka ta fi duk waɗannan muhimmanci: tsawonta, faɗinta daga tiragus zuwa bakin antihelis, da zurfinta. Zurfin ana samunsa da siririn sandan da ke fitowa ta wutsiyar kalifa, kuma a kan kwarmin kawai, ba a doshi rami da shi ba. Babu wani ƙarfe da ya halatta ya shiga ramin kunne a wannan aiki. Ramin bai wuce kamar santimita biyu da rabi ba kafin a kai dodon kunne, mutum kuma yana iya zabura.

Nisan kunne daga kai ana auna shi da rular ƙarfe daga baya: a kafa bakinta a kan ƙashin bayan kunne, a karanta inda bakin helis ya tsaya. Likitocin gyaran kunne sukan ɗauki kamar milimita 10 zuwa 12 a sama, 16 zuwa 18 a tsakiya, 20 zuwa 22 a ƙasa a matsayin abin da aka saba gani, kusurwar da ke tsakanin kunne da kai kuma digiri 25 zuwa 35. Gashi mai yawa ko kitso da ya bi ta bayan kunne yana ɗaga rular daga ƙashi, awon ya ragu. A buɗa gashin har rula ta zauna a fata.

Kowane awo sau biyu, a kunnen dama da na hagu, kuma a buɗe kalifa gaba ɗaya tsakanin na farko da na biyu. Idan suka saɓa da fiye da milimita ɗaya a yi na uku. Dama da hagu ba sa zama daidai cif a yawancin mutane, saboda haka a ajiye su daban a jadawali. Haɗa su a ce an auna kunnuwa 200 alhali mutum 100 ne kuskuren lissafi ne, domin kunnuwan mutum ɗaya ba baƙin juna ba ne.

Daga tsawo da faɗi ake fitar da alƙalamin siffa: faɗi a raba da tsawo, a ninka da 100. Kunne mai faɗin 34 da tsawon 62 zai ba da 54.8. Ƙaramar lamba na nufin siririn dogon kunne, babba na nufin mai faɗi. Amfaninsa shi ne yana raba siffa da girma, ta yadda ƙaton mutum da ƙaramin mutum za su iya samun lamba ɗaya.

Waɗanda ba a sawa a lissafi

Ba kowane kunne ne ke wakiltar yadda aka haife shi ba. 'Yan kunne masu nauyi da aka daɗe ana sawa suna ja wa fatar ƙasa tsawo, wani lokaci har hudar ta tsage. Tsiron nama mai tauri da ke fitowa bayan huda, wanda ya fi yawa a baƙar fata, yana canja faɗi da kauri. Ɗan dambe ko ɗan kokawa da jini ya taɓa taruwa a kunnensa ba a zuƙe ba, guringuntsin yakan dunƙule ya yi gwaɓi. Haka wanda aka yi wa tiyata, ko ya ƙone, ko kunnen ke kumbure. Duk waɗannan a cire su. Amma huda kawai ba dalilin cirewa ba ne, don in aka bi wannan ba za a samu mace ko ɗaya a Tudun Wada ba, tun suna jarirai ake huda musu. A yi gurbi a takarda: akwai huda ko babu, guda nawa, ta tsage ko ba ta tsage ba.

Shekaru sun fi ƙabila tasiri a tsawon kunne, kuma nan ne ake yin babban ganganci. Hausawa sun ce kunne ya girmi kaka. A wajen mai awo kuwa, kunnen kaka ne ya girmi na jika. Wani likita a Ingila, James Heathcote, ya wallafa a 1995 cewa a cikin marasa lafiya 206 da aka auna, tsawon kunne na ƙaruwa da kimanin milimita 0.22 a shekara. A shekara arba'in wannan ya kusa milimita tara, ya fi yawancin bambancin da ake ruwaitowa tsakanin al'ummomi. To idan samfurinka 'yan aji biyu ne na jami'a masu shekara ashirin, na wancan kuma ya haɗa da 'yan sittin, ka ga inda bambancin ya fito. A raba mutane rukuni-rukuni na shekara goma-goma, maza daban mata daban. Dattijon da bai san shekarar haihuwarsa ba, a tambaye shi da abin da ya shaida: shin ya yi wayo lokacin samun 'yancin kai a 1960, shekararsa nawa da aka canja fam zuwa naira a 1973.

Mutum nawa ake buƙata? Idan muka ƙaddara cewa watsuwar tsawon kunne a rukuni, wato yadda awon mutane ke nisa da matsakaici, ta kai milimita 4, ana kuma son matsakaicin ya tsaya cikin milimita ɗaya sama ko ƙasa, lissafin shi ne 1.96 (lambar da ake sawa idan ana son tabbacin kashi 95 cikin ɗari) sau 4, a raba da 1, a ninka sakamakon da kansa: 61.5, wato mutum 62. A kowane rukuni ke nan, ba a binciken gaba ɗaya ba.

Gwada hannunka kafin ka gwada kunnen wani

Wannan mataki shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ne mai raba aikin da za a dogara da shi da wanda za a ajiye a kabad. A samu mutum goma, a auna su, a goge alamar jagira, a sake auna su washegari ba tare da an kalli takardar jiya ba. A ɗauki bambancin kowane mutum, a ninka shi da kansa, a tara, a raba da ninkin adadin mutanen, a fitar da saiwar lissafi.

Ga misali da lambobin da aka ƙaddara don koyo. Bambance-bambancen tsawo sun zo 0.4, 0.8, 0.2, 1.0, 0.6, 0.3, 0.9, 0.5, 0.7 da 0.4. Idan aka ninka kowanne da kansa aka tara, za a samu 4.0. A raba da 20, ya zama 0.2, saiwarsa kuma 0.45. Kuskuren hannun wannan mai awo ke nan, kusan rabin milimita. A kan kunne mai tsawon 62 bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ya yi kyau. Amma wannan rabin milimitar a kan fatar kunne mai tsawon 18 ya zama kashi biyu da rabi. Ƙananan awo sun fi jin jiki. Idan masu awo biyu ne, namiji da mace kamar yadda yanayinmu ke tilastawa, dole su ma su auna mutum goma iri ɗaya a kwatanta su, in ba haka ba duk bambancin da aka samu tsakanin maza da mata ba za a san ko na kunne ne ko na hannu ba. Yara 'yan uwa ko abokan aji da suka yarda sun isa wannan gwaji.

Hoto

Hoto yana da daɗi domin kunne ba ya lotsewa, ana kuma iya komawa gare shi, manhajar ImageJ ta kyauta kuma tana auna shi. Amma yana da tarkuna biyu. Na farko nisa. Dole a sa rula a cikin hoton, kuma ta kasance daidai da saman kunnen, ba a manne da kumatu ko bango ba. Idan kyamara na nisan santimita 30 daga rula, kunnen kuma ya fi rular kusa da santimita 3, zai fito ya ƙaru da kashi 11 cikin ɗari, kusan milimita bakwai. A nisan mita ɗaya da rabi, wannan kuskuren ya koma kashi biyu. Saboda haka a ja baya, a kafa kyamara a kan ƙafarta daidai tsayin kunne, a jawo hoton da gilashin kyamara. Wayar da aka kusanto da ita kamar za a ɗauki hoton katin shaida ba ta da amfani a nan.

Tarko na biyu kusurwa. Tunda kunne a buɗe yake daga kai, hoton da aka ɗauka daga gefe sak yana ganin faɗinsa a karkace. Kunnen da ya karkata da digiri 30 daga fuskar kyamara, faɗin 34 zai fito kamar 29 da rabi. Shi ya sa faɗin hoto da faɗin kalifa ba sa shiga jadawali ɗaya. Na'urar ɗaukar siffa mai fuska uku da Koriyawa ke amfani da ita ta kauce wa wannan, sai dai haskenta ba ya kaiwa cikin rami da bayan naɗin helis, dalilin da ya sa ake haɗa ta da ɗaukar gurbin kunne, wato a ɗura silikon (wani irin roba mai daskarewa) a kunne ya ɗauki siffarsa.

Gurbin kunne da silikon

Wannan aikin wanda aka horar ne a sashen kunne da ji, irin na asibitin koyarwa da ke Shika ko Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, ba na ɗalibi shi kaɗai ba. Amma mai awo ya san yadda yake, domin shi ne hanyar sanin siffar konka da bakin rami, kuma da shi ake ƙera mazaunin na'urar ƙara ji.

Ana fara duba ramin da fitilar duba kunne. Idan akwai ruwa ko mugunya, ko dodon kunne ya huje, ko an taɓa yin tiyata, a dakata a tura wa likita. Dauɗar kunne ma sai an cire. A nan akwai bambanci na gaske tsakaninmu da Koriyawa: saboda wani sauyi a ƙwayar gado mai suna ABCC11, wanda masana a Jafan suka bayyana a 2006, mafi yawansu busasshiyar dauɗa suke da ita mai kamar dusa, mu kuwa a Afirka jiƙaƙƙiya ce mai danƙo. Mai danƙon takan manne a bango ta rage faɗin ramin, gurbin ya fito ƙarami, mazaunin da aka ƙera da shi ya riƙa sakin iska na'urar tana fito.

Bayan haka ana tura ɗan toshi na soso ko auduga mai zare har ya ɗan wuce lanƙwasa ta biyu ta ramin, a sake leƙawa a tabbata babu kafa a gefensa. Shi ne katangar da ke tsakanin silikon da dodon kunne, ba a yi sai da shi. Wasu mutanen sukan yi tari a wannan lokaci, saboda wani reshen jijiya da ya ratsa bangon ramin. A faɗa musu tun farko, "Hajiya, in tari ya zo miki ki ɗaga hannu," don kada kai ya fizga. Ana cakuɗa silikon ɗin kashi biyu daidai wa daida, a ɗura da sirinji daga ciki zuwa waje, bakin sirinjin na nutse a cikin abin da ya riga ya fita don kada iska ta maƙale, har a cika konka da naɗin sama. Kada a danna shi da yatsa don ya yi kyan gani, dannawar tana buɗa kunnen, gurbin ya fi gaskiya girma.

Yakan daskare cikin 'yan mintoci, gwargwadon abin da kamfanin ya rubuta a jikin gwangwani, amma zafi na gaggauta shi. A watan Maris da Afrilu a Zariya, silikon da ya wuni a mota ko kusa da taga zai fara tauri tun yana cikin sirinji, ya fito da layi-layi da ramuka. A ajiye shi a wuri mai sanyi, a kuma cakuɗa na kunne ɗaya kawai a lokaci guda. Safar hannu ta roba irin ta latas tana iya hana wani nau'in silikon daskarewa, don haka a duba takardarsa kafin a murza shi da ita. Ana gane ya nuna idan aka danna farce bai bar shaida ba. Wajen cirewa a fara jan kunnen a hankali sama da baya, a ce mutum ya motsa muƙamuƙi, iska ta shiga ta gefe, sannan a murɗo shi waje sannu a hankali. Fizgewa kai tsaye na jan dodon kunne kamar ƙahon wanzami. A sake leƙa ramin a tabbata toshin ya fito tare da gurbin, sannan a rubuta lambar mutumin da dama ko hagu a jikin ambulan tun bai tashi daga kujera ba.